Yadda Za Ku Taimaki Dattijonku Ya Ci Gaba da Tsayawa da Ƙafafunsa

Tambayoyin da ake yawan aiko mini a kan tsofaffi kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce tunda Baba ya yi ritaya ba ya leƙa waje sai ranar Juma'a. Wata ta ce Inna ta zame a bayan gida, Allah Ya tsare ba ta karye ba, amma tun ranar ta ƙi yarda ta taka tsakar gida ita kaɗai. Duk a wuri ɗaya suke ƙarewa: me za mu yi, kuma ta ina za mu fara?

Abin da zan fara faɗa shi ne a daina hana su motsi. A gidajenmu na Bauchi, da zarar tsoho ya yunƙura zai ɗauki buta sai ka ji an ce, "Zauna abinka Baba, bari yara su kawo." Ladabi ne, akwai lada, amma idan ya yi yawa shi ke cinye ƙarfin tsoho. Naman jikin da ba a mora zubewa yake yi, a jikin mai shekara 70 kuwa da sauri yake zubewa, dawo da shi kuma sai an sha wuya. Saboda haka matakan nan an jera su ne don dattijo ya ci gaba da yi wa kansa abin da zai iya. A bi su yadda suke: awo kafin motsa jiki, gyaran gida kafin a ce ya yi ta kai da kawowa. Na fi ambaton Baba don sauƙin rubutu, amma komai ya shafi Inna.

1. Ku zauna da shi tukuna

Kada ya wayi gari ya ga an canja masa ɗaki da abinci ba tare da saninsa ba. Wanda ya fi jin maganarsa, ko babban ɗa, ko 'yar da ya fi sakewa da ita, ko amininsa, shi zai zauna da shi, ba a gaban jikoki ko surukai ba. A tambaye shi me ya fi ba shi wahala yanzu: tashi daga sujada, ganin hanya da dare, riƙe fitsari, ko rashin abokin hira. Da yawa ba za su faɗi na fitsari ba sai an yi tambayar cikin hikima.

Kayan aikin wannan mataki biyu ne kawai. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda duk wani awo da magani zai shiga cikinsa da kwanan wata. Sai leda ɗaya da za a tattara duk abin da yake sha a ciki: na asibiti, na kemis, jiƙo, garin magani, har wanda maƙwabci ya ba shi. A kuma tsayar da mutum ɗaya mai riƙe littafin. Idan aka bar wa kowa, ba wanda zai yi.

2. Awo

A kai shi asibiti yana lafiya lau, ba sai ya kwanta ba. Cibiyar lafiya ta unguwa ta isa a fara. Idan sun ga abin da ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen yankin Katagum kuma Azare ta fi musu kusa. A yi sammako, kada ya karya kumallo saboda awon sukari, amma a tafi da abin karin a jaka don ya ci da zarar an ɗebi jinin. A tafi da ledar magungunan nan a zube wa likita a kan tebur.

Abin da za a nema: awon hawan jini, sukari, nauyi, da gwajin ƙoda. Hawan jini shi ne idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban. Sukari kuma idan ba a ci komai ba ya kai 7.0, ko 126 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, sai a sake gwadawa don a tabbatar.

Idan an same shi da hawan jini, shawarata a sayi na'urar awo ta gida, wadda ake ɗaurawa a dantse, ba ta wuyan hannu ba. 'Ya'ya su haɗa kuɗi, saye ɗaya ne, kuma bai kai kuɗin kwanciyar asibiti ba. A tambayi farashi a shaguna biyu ko uku, sannan a tafi da ita asibiti a gwada ta tare da tasu. Na'urar sukari kuwa ba ita ce mai cin kuɗi ba, 'yan tsinkayen gwajin da ake sa mata su ne, don haka kafin a saya a tabbatar ana samun nata a cikin gari.

Ga yadda ake awon a gida. Ya yi fitsari tukuna. Kada ya ci goro, ko ya sha shayi mai kauri ko taba, rabin awa kafin nan. Ya zauna a kujera minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har mako guda, a rubuta duka.

Gargaɗi: kada a auna shi yana shigowa daga rana ko bayan an ɓata masa rai, sannan a firgita gida da lambar da ta fito. Amma idan ta kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani ko sarƙewar numfashi, asibiti za a nufa a lokacin.

3. Magani

Nan ne aka fi yin ɓarna. Maganin hawan jini da na sukari ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Idan awo ya yi kyau, maganin ne ke aiki. Sau da yawa tsoho zai ce, "Ai na warke," ya daina, bayan wata biyu a ji ɓarin jiki ya shanye. Likita kaɗai ke ragewa ko canjawa.

A ɗaura shan maganin da abin da ba ya mantawa, kamar bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i. Akwai ɗan akwatin roba mai gida bakwai da ake sayarwa a kemis, a cika masa duk ranar Juma'a, shi kuma ya riƙa ɗauka da kansa. Wanda ba ya karatun boko a yi masa alama a jikin kwali, ko a rubuta masa da ajami. A sayo na wata mai zuwa tun da sauran na mako ɗaya. Idan kuɗi ya yi wuya, a gaya wa likita ko mai harhaɗa magunguna kai tsaye, domin magani ɗaya kan zo daga kamfanoni da yawa, wani ya fi wani araha nesa ba kusa ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada a raba ƙwaya gida biyu don maganin ya kai wata.

Gargaɗi: magungunan ciwon gwiwa da ciwon baya da ake saya barkatai, irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam kamar yadda ake rubuta su a kwali, suna ƙwaƙule ciki har ya yi jini, suna taɓa ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a tasha ko a kasuwa ya fi haɗari, don ba a san abin da ke ciki ba. Farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho, shi ma bisa ƙa'ida. Maganin barci da wasu magungunan mura suna sa jiri da faɗuwa.

4. Gyaran gida

Faɗuwa ɗaya kan mayar da mai zuwa masallaci da ƙafarsa ya zama na kwance. Mafi yawan gyaran da ke hana ta aikin yini ɗaya ne na birkila da mai walda.

A fara da bayan gida. Tsugunno ga mai ciwon gwiwa azaba ne, wajen tashi kuma ake faɗuwa. Idan da hali a sa masai na zama. Idan babu, kafinta ko mai walda ya yi kujera mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, a ɗora a kan na tsugunnon. A kafa bututun ƙarfe a bango daidai inda hannunsa ke kaiwa, a kafa shi da siminti sosai, wani ƙato a gidan ya rataya a jiki ya gwada kafin Baba ya taɓa. Tayil mai sulɓi a shimfiɗa masa tabarmar roba, daɓen da ya yi gansakuka a kankare. A ajiye 'yar kujera don wanka da alwala a zaune. Ƙofar kuma ta zama wadda za a iya buɗewa daga waje.

Sai haske. Hanyar da ke tsakanin gadonsa da bayan gida ita ce mafi haɗari, musamman kafin Asuba idan an ɗauke wuta. Fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana a rataye a hanyar, tocila kuma a ƙarƙashin matashinsa. Idan bayan gidan da nisa, a ajiye masa fo a ɗaki da dare, babu abin kunya a ciki.

A bi tsakar gida da idon tsoho: bakin tabarma da ya naɗe, igiyar shanya da ta yi ƙasa, turken akuya, wayar caji, dokin ƙofa mai tsawo, ruwan wanke-wanke da ke kwanciya. Katifar ƙasa tana da wuyar tashi, gadon da idan ya zauna tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa shi ne daidai. Silifas da ya suɗe a jefar, a saya masa takalmi mai kama dunduniya.

Sanda ba gazawa ba ce. Tsawonta ya zo daidai wuyan hannunsa idan ya tsaya hannu a sake, a sa mata roba a gindi, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren da ƙafar da ke ciwo. Mutane da yawa suna riƙe ta a ɓangaren ciwon, kuskure ne.

Gargaɗi: kada ya zabura daga kwance ya miƙe da jin kiran salla. Ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya tukuna, musamman mai shan maganin hawan jini. Da hunturu kuma kada a bar kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa cikin barci.

5. Motsa jiki

Da farko a gwada shi. Ya zauna a kujera, a ja layi a ƙasa mita 3 daga gabansa. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna, wani yana ƙirga lokaci a waya, wani yana gefensa. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, a gaya wa likita, a kuma fara a hankali. A rubuta a littafi, a sake bayan wata uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsi a mako, wato rabin awa a kwana biyar, ga masu shekara 65 zuwa sama kuma a ƙara da motsin da ke ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Ba a ranar farko za a kai nan ba. Tafiyar minti 10 bayan Asuba ko bayan La'asar ta isa, a riƙa ƙara minti biyar duk mako. Saurin da ya dace shi ne numfashi ya ɗan ƙaru amma yana iya hira. Tafiya masallaci, zagayen gona, ziyarar 'yan'uwa duk suna cikin lissafi. Inna da ba ta cika fita ba ta zagaya tsakar gida, ta yi shara, ta bai wa kaji da awaki abinci, ta taka zuwa islamiyya.

Motsi ɗaya da nake so kowane tsoho ya riƙe shi ne tashi-zauna. Kujerar katako a jingine da bango, ba ta roba ba don tana zamewa. Ya tashi ya zauna a hankali sau biyar, ya huta, ya sake. Da farko ya dafa, daga baya ya harɗe hannuwa a ƙirji. Wannan ƙarfin cinyar shi ne ke tayar da mutum daga bayan gida da sujada ba tare da an kama shi ba. Bayan haka ya dafa bango ya ɗaga dunduniya sau goma, sannan ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe.

Gargaɗi: ciwon ƙirji, jiri ko haki mai tsanani, a tsaya nan take a nemi likita. A watannin Maris, Afrilu da Mayu kada ya fita da tsakar rana.

6. Abinci, ruwa da azumi

Tsoho ya fi buƙatar abinci mai gina jiki fiye da yadda ake zato, amma sau da yawa kunu da koko kawai ake tura masa saboda haƙora. A sa wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi ko kindirmo a cikin kowane cin abinci. Naman da ya yi tauri a dafa shi ya yi lugub ko a daka. Zogale, rama, alayyafo da kuɓewa suna nan a kasuwar Muda Lawal da Wunti da araha, gwate mai ganye da yawa kuma abincin tsoho ne na gaske. Mai ciwon sukari ba a hana shi tuwo ko masa gaba ɗaya, rage yawa ake yi a ƙara miya da ganye. Lemon kwalba da sukarin shayi da na fura su ne abin yankewa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. A rage wa tukunyar gidan duka a hankali, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Idan aka ware masa tukunya lami shi kaɗai, zai daina ci ne.

Ƙishirwa ba ta cika damun tsoho ba ko da jikinsa na buƙatar ruwa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun fitsari. A ajiye masa gora kusa, ya sha bayan kowace salla, a rage da dare. Fitsarin da ya yi rawaya mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya bi maganar likita.

Mai ciwon sukari ya ga likita tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban a gyara masa lokutan magani. Idan yana azumi sukari ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, ko ya ji rawar jiki da zufa da ruɗewa, ya karya nan take da ruwan sukari. Wanda tsufa ko ciwon da ba a sa ran warkewarsa ya hana shi azumi addini ya ba shi damar ciyarwa, kamar yadda ya ba shi damar salla a zaune. Idan ya ƙi jin ta 'ya'ya, a roƙi limamin unguwa ya yi masa magana.

7. Ido, kunne da ƙafa

A duba ido sau ɗaya a shekara. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, gani ya dawo. Kada a bari masu yawo gari-gari su taɓa idon da tsinke. Hawan jinin ido kuwa yawanci ba ya ciwo, kuma abin da ya cinye na gani ba ya dawowa, awo ne kaɗai ke kama shi. Tsohon da ya daina shiga hira a duba kunnensa, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe. Mai ciwon sukari a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada a yanke masa kaushi da reza.

8. Majalisa da abin yi

Wanda ya yi shekara 35 yana fita aiki, ranar da ya ajiye ba albashi kaɗai ya rasa ba, ya rasa dalilin sa riga da safe. Kaɗaici yana kwantar da tsoho kamar yadda ciwo ke yi. A bar masa wani aiki da gidan ya dogara da shi a kai da gaske: biya wa jikoki karatu, kiwon tumakin layya, lissafin amfanin gona, sasanta 'yan'uwa. Inna a bar mata sana'arta, ko ƙuli-ƙuli ne ko saƙar hula, a bar mata adashinta. Kada a ce "me za ki yi da kuɗi, ai muna ba ki." Kuɗin da ta samu da hannunta daban ne.

Idan ƙafa ta hana shi zuwa majalisa, a kawo majalisar zaurensa, tabarma da shayi ne kawai kuɗinta. Masu zuwa coci a tabbatar akwai mai kai su ranar Lahadi da taron zumunta. Rediyo da batir, da waya mai manyan lambobi da aka adana masa sunayen 'ya'ya a ciki. A riƙa neman shawararsa kafin a yanke magana, ba bayan an gama ba. Wanda aka ɗauko daga ƙauye aka kawo birni don a kula da shi, a yi tunani sau biyu, domin a can yana da mutane, a nan sai bango.

Gargaɗi: tsohon da ya daina cin abinci, ya daina magana, ba ya barci, musamman bayan rasuwar abokin zama, yana iya kasancewa cikin ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Mantuwar da ke ƙaruwa a hankali har ya ɓata a unguwarsu cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, kada a bari kowa ya jefi tsohuwa da wannan kalma.

9. Kuɗi da takardu

Katin ɗan ƙasa, takardun fansho, katin asibiti da takardun fili su zauna a jaka ɗaya da ya san inda take. Kuɗinsa ya zauna a hannunsa muddin hankalinsa na nan. A koya masa abu ɗaya ya riƙe: banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrin kati ko lambar da aka turo ta waya, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya ce daga ofishin fansho yake. A je ofishin BASHCMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko cibiyar lafiya ta mazaɓa a tambayi yadda za a yi masa rajista. 'Ya'ya kuma su tsayar da abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata don magani. Basussuka da wasiyya a rubuta su da shaidu tun yana da ƙarfi.

10. Shirin ranar gaggawa

A rubuta a bangon ɗakinsa lambar mutum biyu masu mota ko Keke Napep da za su ɗauki waya da tsakar dare, a kuma ware ɗan kuɗin da ba a taɓawa. Kowa a gidan, har yara da 'yan aiki, ya san alamomin nan na shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a tafi babban asibiti nan take, addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu ko magani a baki, domin haɗiya kan lalace abin ya wuce huhu. Haka ciwon ƙirji mai danna mutum da zufa, haka fitsarin da ya ƙi fita ga namiji.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, jiya lafiya yau bai gane mutane ba, yawanci zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa, ko sukari ya faɗi. A auna sukarin idan da na'ura, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a miƙar da shi, kada a fara da mai ɗori. A ɗauke shi a kan faffaɗan katako ko ƙyaure, a je a ɗauki hoton ƙugun, a tafi da littafin nan da ledar magungunansa.